Malam, Ba Alƙali Ne Ya Rubuta Takardar Sakin Ba

Wani malaminmu ya yi rubutu a kan mace-macen aure a ƙasar Kano, kuma bai ɓoye wanda yake tuhuma ba: alƙalan kotunan shari'a. A ganinsa sun mayar da khul'i abin wasa, mace ta tashi da ɓacin rai da safe, kafin la'asar an raba ta da mijinta. Ya ce a da iyaye da limamai da masu unguwa ke shawo kan rigimar ma'aurata, don haka a hana kotu karɓar ƙarar matar aure sai ta zo da takardar dagaci mai nuna an nemi sulhu ya gagara. Ya ƙara da cewa alƙalai na kwashe yara daga gidan ubansu suna miƙa wa zawarawa, alhali ɗa na uba ne. Ina ganin girman Malam, kuma abin da ya sa shi ɗaukar alƙalami abin damuwa ne ga kowa. Sai dai, Allah ya gafarta Malam, an bar jaki ana dukan taiki.

Daga Ɗambatta nake kallon lamarin, kuma na nan bai bambanta da na Makoɗa ko Kazaure ba. A zaga Ajumawa da Gwarabjawa da Fagwalawa da Kore, a bi zawarawa gida-gida a tambaye su yadda aurensu ya mutu. Galibinsu ba su taɓa ganin fuskar alƙali ba. Miji ne ya yagi takarda a littafin ɗan firamare, ya rubuta da boko ko da ajami, ya ba yaro ya miƙa mata. Wani ko rubutun ba ya yi, da baki yake furtawa a tsakar gida a kan gishirin miya. Wani a waya yake aikowa daga Legas ko Fatakwal inda ya tafi ci-rani. Wannan saki ba ya buƙatar sammaci ko kuɗin ƙara, kuma babu wani littafin hukuma da ake shigar da shi. Shi ya sa duk wanda ya ce maka ga adadin zawarawan Kano, ƙiyasi yake yi. Abin da ke isa gaban alƙali ragowa ne, wato auren da mace ke son fita, miji ya ƙi saki, ya kuma ƙi riƙewa da kyautatawa. Malam ya leƙa wannan ɗan ragowar, ya ga mata ne ke shigar da ƙara, sai ya yanke cewa mata da alƙalai ne ke kashe aure.

Gwamnatin Kano da kanta ta san inda sakin ke fitowa. Da aka fara auren zawarawa a 2012, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, Hisbah ƙarƙashin Sheikh Aminu Daurawa ta gindaya wa angwaye sharaɗin kada su saki matan sai sun koma gabanta. Angwaye aka gindaya wa. An aurar da ɗari a karon farko, aka yi 1,111 a ƙarshen 2013, aka yi 1,800 a Oktoban 2023 zamanin Gwamna Abba Kabir Yusuf. Da a ce kotu ce ke cinye auren nan, da sharaɗin a kan alƙalai aka ɗora shi.

To me matan da ke isa kotun suke cewa? Duk wanda ya taɓa zama a bencin baya ya san maganar kusan guda ce. Ba ci, ba sha, ba sutura. Ya tafi tun kaka ba aike. Yana duka na. Mai Martaba Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II, wanda ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Landan a kan tsara dokar iyali ta Musulunci, inda ya kwatanta masarautar Kano da ƙasar Maroko, ya faɗa a wani taro a Jami'ar Bayero a Disambar 2024 cewa ya bi ƙararrakin kotunan shari'a tara na Kano na tsawon shekara biyar, kuma ƙorafin cutarwa da dukan mata ya ɗauki kaso mai tsoka a cikinsu. Macen ƙauye ba ta sha'awar kotu. Sai ta nemi kuɗin babur zuwa gari, ta nemi na yankar sammaci, ta tsaya gaban maza tana faɗin sirrin ɗakinta, sannan ta dawo unguwa ana nuna ta da baki, ga wadda ta kai mijinta ƙara. Kafin ta kai nan ta yi yaji an yi biko, ta sake yi an sake mayar da ita, uwarta ta ce yi haƙuri, gwaggonta ta ce ki yi zaman 'ya'yanki. Sulhun da Malam ke cewa an tsallake, an yi shi har an gaji.

Na yarda da Malam cewa akwai gyara a kotunan nan. Amma gyaran da nake gani kishiyar nasa ne, kuma littattafan da ke kan teburin alƙalin su ne shaidata: Risala ta Ibn Abi Zaid, Mukhtasar na Shehu Khalil, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim. A mazhabar Malikiyya mace tana da hanyoyin fita fiye da ɗaya. Idan miji ya gaza ciyarwa, alƙali zai ba shi wa'adi, in wa'adin ya cika bai kawo ba sai a sake ta a kansa, ba ta biyan ko kwabo. Idan ta tabbatar yana cutar da ita, da duka ko zagi ko ƙaurace wa, nan ma saki ne ba fansa, kuma malaman mazhabar sun sassauta har suka karɓi shaidar abin da ya yaɗu a bakin maƙwabta, domin sun san mai dukan matarsa ba ya gayyatar shaidu. Khul'i kuwa na macen da ba ta da laifin da za ta ɗora wa miji ne, zuciyarta ce kawai ta ƙi, kamar matar Sahabi Sabitu ɗan Ƙaisu da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa ta mayar da gonar da aka ba ta sadaki.

A aikace sai a haɗe hanyoyin nan a mayar da su ɗaya. Mace ta zo da kukan yunwa ko na duka, miji ya musa, a ce ta kawo shaidu. Shaidun nata su waye? Maƙwabtan da ke gona ɗaya da mijin, ko ƙannensa da suke gida ɗaya. Ba mai zuwa. A ɗage zama, ta sake biyan kuɗin mota, a sake ɗagewa saboda miji bai zo ba. Can sai wani ya raɗa mata cewa in tana so a gama yau, ta ce za ta fanshi kanta. Sai ta faɗa. Daga nan kuma a shiga ciniki. Miji ya zaro lissafi: sadaki, lefe, kayan na-gani-ina-so, toshin sallah, har da kuɗin goron ɗaurin aure, wani ma ya ce sai an ba shi abin da zai auri wata. Uban yarinya, wanda ya sayar da gyaɗarsa ya yi mata kayan ɗaki, shi zai ja tunkiya ko ɗan maraƙi zuwa kasuwar Lahadi ya sayar, ya biya mutumin da ya bar masa 'ya da yunwa. A littafin kotu za a rubuta khul'i, Malam kuma ya ƙirga shi cikin matan da suka guje wa aure ba dalili. Alhali Mukhtasar ya bayyana cewa idan mace ta biya fansa, daga baya aka tabbatar cutarwa ce ta tilasta mata, a mayar mata da dukiyarta, sakin kuma yana nan. Ban san mata nawa ne a karkararmu aka taɓa gaya wa suna da wannan haƙƙin ba, amma na san ba a wa'azinsa a wurin walima.

Ba kowane alƙali ke yin haka ba. Akwai masu tsayawa su yi bincike, su taka wa miji burki in ya wuce sadaki, su ƙi yanke hukunci sai sun yi i'izari, wato ba kowane ɓangare damar kawo sauran hujjarsa, yadda ya kamata. Kuma wanda aka zalunta yana da matakala: daga kotun shari'a zuwa babbar kotun shari'a, zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a birnin Kano, wadda sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba hurumin aure da saki da riƙon yara da gado, har zuwa Kotun Ƙoli a Abuja. Sai dai matakalar da kuɗi ake hawanta. Wadda ta ci bashin kuɗin babur daga Sansan zuwa cikin Ɗambatta ba za ta ɗauki lauya ta yi ta sintiri a Kano ba.

Inda na fi mamakin Malam shi ne batun yara, domin shi mai karantar da Risala ne. Ɗa na uba ne wajen nasaba da suna da gado da waliccin aure, ba mai jayayya. Amma riƙo, wanda malamai ke kira hadana, na uwa ne a mazhabarmu: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta auri wani bare ta tare, riƙon ba ya tsallakawa kai tsaye zuwa uba. Kaka ta wajen uwa ce ke biye, sannan 'yar'uwar uwa, kuma uban sai can baya ake zuwa kansa. Duk tsawon wannan lokaci ci da sha da sutura da magani a wuyansa suke, har ladan shayarwa idan sakin ya yanke. Saboda haka alƙalin da ya bar yarinya 'yar shekara huɗu a hannun uwarta bai kawo baƙon abu daga Turai ba, littafin da muka gada ya karanta. Abin da ya saɓa wa littafin shi ne al'adarmu ta ƙauye: da an yaye yaro sai dangin uba su aiko a ɗauke shi, ko da uban yana Kudu, a ajiye shi wurin kishiyar uwa ko wurin tsohuwar da ita ma riƙon take buƙata.

Me ya sa matan ba sa ja? Wasu ba su sani ba. Wasu sun sani, amma sun san riƙo ba ciyarwa wahala ce. Uba na cewa in kina son su ki ci da su, in ba za ki iya ba ki kawo mini abina. Ita kuma ta koma gidan mahaifinta, inda gonar da ta ci da mutum shida a da yanzu an raba ta gado ta zama 'yan kunya-kunya, rumbu kuma ba ya kai damina. Ƙasar nan tamu matsattsiya ce, gona na jikin gona tun daga Kano har iyakar Kazaure, bakin ci ɗaya in ya ƙaru ana jin sa a tukunya. Ga kuma sabon manemi da ba ya son agola. Sai ta miƙa yaran tana kuka. Wani lokaci ma a cikin cinikin khul'in ake sa su: ta yafe riƙo, ko ta ɗauke wa uba ciyar da na goye, a matsayin fansa. Fiƙihu ya ba da ƙofar yin haka, gaskiya ne, amma da sharaɗin kada yaron ya cutu, kuma wannan sharaɗin ne alƙali mai gaggawa ke tsallakewa. Daga baya sai mu ga namijin an tura shi gabas da ƙoƙo tun bai iya wanke wandonsa ba, macen kuma da farantin talla a bakin tasha. Malam ya yi rubutu mai zafi a kan tarbiyyar 'ya'yan da aure ya mutu ya bari. Waɗannan yaran da yake gani, yawancinsu a hannun dangin uba suke, yadda yake so.

Ko iddar ma mun yi watsi da ita. Farkon Suratul Ɗalaƙ ya hana a fitar da wadda aka saki daga ɗakinta har ta gama idda, kuma in sakin kome ne ciyarwarta na kan miji. Hikimar a fili take, ana ganin juna safe da yamma, zuciya na iya saukowa a mayar da aure ba sabon sadaki. A wane gari ake yin haka? Da takarda ta shiga hannu, kafin magariba an kira mai kura ko a-kori-kura ya kwashe gado da kwalla. Babbar ƙofar sulhu da Allah ya buɗe ke nan, mu muka rufe ta, kuma ba a kotu muka rufe ba.

Sai shawarar takardar dagaci. Ina da yaƙinin Malam da kyakkyawar niyya ya kawo ta, kuma masu unguwa da dagatai na ƙasar Ɗambatta suna kashe rigingimu da yawa waɗanda ba wanda ke jin labarinsu. Amma a duba wanda sharaɗin zai hau kansa. Miji zai ci gaba da saki a duk lokacin da ya ga dama, ba ya neman izinin kowa. Mace kaɗai za a ce sai ta samo sa hannu. Wurin wa? A ƙauyen da aka kawo ta aure, inda mai unguwa ƙila kawun mijin ne, liman kuma shi ya ɗaura auren, kuma da mijin suke sahu ɗaya kullum. Ko da adalai ne, kunya da zumunci sun isa su sa a yi ta ce mata je ki dawo. Kuma shari'a ba ta manta da dattawa ba. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta kawo masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta, kuma a Malikiyya hukuncinsu na zartuwa, in sun ga a haɗa a haɗa, in sun ga a raba a raba. Bambancin shi ne alƙali ke naɗa su, kuma ita ma tana da nata a ciki. Idan Malam na son dattawa su dawo, wannan ce ƙofar, kuma zan sa hannu tare da shi a roƙi Alƙalin Alƙalai ya matsa wa kotuna su riƙa amfani da ita.

Maganar cewa matan da ba sa zuwa wurin alƙali kuwa, tarihi bai goyi bayanta ba. Kotun alƙali ta girmi zuwan Turawa. A Kano Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Diya'ul Hukkam wajen 1806, don mahukunta su san yadda za su yi shari'a tsakanin jama'a. Littafin Baba ta Karo, da Mary Smith ta fitar a 1954 daga bakin wata tsohuwar Bahaushiya, cike yake da labarin mata da ke zuwa gaban alƙali a kashe musu aure su yi wani. Kakanninmu mata sun san hanyar. Sunan kotun ne ya yi ta sauyawa, daga kotun En'e zuwa kotun yanki a ƙarshen shekarun 1960, zuwa kotun shari'a a 2000.

A Janairun 2009 Hajiya Altine Abdullahi ta ƙungiyar Muryar Zawarawa ta shirya fito da zawarawa kan titin Kano su koka da halin da suke ciki, Hisbah ta hana. A Fabrairun 2017 Sarki Sanusi ya sanar cewa malamai na shirya daftarin dokar iyali da za a kai Majalisar Dokokin jiha, aka yi ca a kan batun ƙarin aure ga mara hali, sauran abin da ke ciki ba a ko saurara ba, har aka sauke shi daga sarauta a Maris 2020, kafin a mayar da shi daga baya, daftarin bai zama doka ba. Amma a Mayun 2024 jihar ta kafa dokar gwajin jini kafin aure, kuma sama ba ta faɗo ba. Ashe hukuma na iya tsayawa a ƙofar shiga aure. A ƙofar fita ne ake cewa kada a taɓa.

Maroko 'yan Malikiyya ne kamar mu, Mukhtasar ɗin nan suke karantawa. Tun dokar iyalinsu ta 2004, mai son saki sai ya je kotu, a nemi sulhu, in ya gagara kotu ta ƙiyasta haƙƙin matar da na yaran, ya ajiye kuɗin cikin kwana 30 kafin a ba shi izinin rubuta sakin. Ban ce mu kwafo ta sukutum ba, kuma na san malamanmu za su ce saki ya auku da zarar an furta, ko kotu ta sani ko ba ta sani ba. To, ya auku. Amma me zai hana a wajabta wa wanda ya saki ya kai takardar kotu mafi kusa cikin 'yan kwanaki, a kira matar da waliyyinta, a rubuta saki nawa ne, ina za ta yi idda, wa zai riƙe yara, me uba zai riƙa bayarwa? Wannan bai taɓa haƙƙin miji na saki ba. Zai ma kashe rigimar nan da ke cinye lokacin alƙalai, ta ni ɗaya na yi, a'a uku ka yi. Kuma a karon farko za mu sami adadi na gaske, mu daina jifan juna da ƙiyasi, ni da Malam.

Abu na ƙarshe ƙarami ne, alƙalai na iya yin sa gobe ba sai an jira majalisa ba. Idan aka yanke wa uba kuɗin ciyar da yara, da naira ake yankawa, a rubuta adadi guda a bar shi. Bayan shekara biyu kuɗin ba ya sayen rabin abin da ya saya ranar hukunci, kuma uwar ba za ta sake yankar sammaci don a ƙara ba. Mijin karkara manomi ne, kuɗi ba ya zama a hannunsa, amma hatsi na zama. A yanke masa da kwano: gero ko dawa kwano kaza a wata, wake kaza, ko kimarsu a farashin kasuwar Ɗambatta na wannan makon, sannan sutura a sallah biyu da kuɗin magani in ciwo ya zo. A sa lokacin biya ya faɗo da kaka, sa'ad da rumbu ke cike, a kuma ba mai unguwarsu kwafin hukuncin ya zama shi ke shaida an auna an kai.